Abin Da Ke Hana Kwamfuta Tashi Bayan An Sauya Mata Rumbu

Ranar wata Litinin da safe, saura kwana huɗu a rufe takardun albashin wata, wani akawu a sashen kuɗi na wata ma'aikatar gwamnati ya shiga ofis, ya yaye ƙyallen da ake lulluɓe kwamfuta da shi saboda ƙura, ya danna maɓalli kamar yadda ya saba kullum. Fanka ta juya, fitila ta kama, sunan kamfanin da ya ƙera injin ya bayyana, sa'an nan gilashi ya yi baƙi ƙirin, sai wani layi guda na Turanci da ke cewa ba a sami abin da za a tashi da shi ba. Akawu ya kashe ya sake kunnawa har sau uku, bai ga canji ba. A cikin wannan inji kuwa akwai sunayen ma'aikata, da matakin albashin kowa, da abin da ake yanka na haraji da na bashi, da jerin waɗanda ke shirin yin ritaya. Kafin ƙarfe tara labari ya kai ga Babban Akanta, kafin ƙarfe goma kuma har masinjoji sun ji.

Abin da ya ƙara ɗaure wa mutanen ofishin kai shi ne, ranar Jumma'ar da ta wuce aka yi wa injin gyara. Tun farkon watan rumbun ajiyarsa, watau akwatin nan mai faifai a ciki inda ake adana kome da kome, ya soma wata ƙara ƙas-ƙas, ga shi kuma sai a buɗe fayil a tafi a yi alwala a dawo bai gama buɗewa ba. Aka kirawo wani mai gyara daga kasuwa, ya saurari ƙarar, ya ce rumbun ya kusa mutuwa, ya ba da shawara a sayi sabo irin wanda ake kira SSD, a juye duk abin da ke cikin tsohon zuwa cikinsa. Shawararsa daidai ce, ba wanda zai ga laifinta. Ya haɗa rumbunan biyu, ya yi kwafi, ya kunna inji a gaban kowa ya tashi lafiya lau. Da aka sauko daga masallaci ya kwance tsohon rumbun, ya ɗaure akwati, ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ba wanda ya sake kunnawa sai Litinin.

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce ga masu gyaran kwamfuta, ko a Titin Beirut da ke Kano, ko a kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Ikko, ko ma a ƙasashen da ake ƙera injunan. Galibi kuma ba abin da ya ɓace daga cikin takardun mai inji. Suna nan daram a sabon rumbu, hanyar isa gare su ce kawai ta toshe. Amma wanda bai san haka ba yakan firgita, kuma a cikin firgitar nan ne ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa, garin neman gira a rasa ido.

Yadda Inji Ke Tashi

Kafin a gane inda gizo ke saƙa, tilas ne mai karatu ya san abin da ke faruwa a 'yan daƙiƙun da ke tsakanin danna maɓalli da bayyanar Windows. Kwamfuta idan an kashe ta ba ta tuna kome. Da wuta ta shiga, abin da ke fara aiki wata 'yar manhaja ce da ke zaune a kan babban allon wayoyi na cikin akwati, wanda masu gyara ke kira bod. A da sunanta BIOS, kalmar da wani Ba'amurke mai suna Gary Kildall ya fara amfani da ita a 1975, kamfanin IBM kuma ya yaɗa ta da kwamfutarsa ta 1981. Aikinta shi ne ta duba sassan inji, sa'an nan ta nemo rumbun da za ta miƙa wa ragama.

A tsohon tsari, wanda ya samo asali tun 1983, BIOS takan je gurbin farko na rumbu ta karanta bayit 512 kacal. Wannan gurbi shi ake kira MBR. A cikinsa akwai ɗan umarnin tayar da inji, da wata lamba mai bayit 4 wadda ita ce shaidar rumbun, da jadawali mai layi huɗu da ke faɗin inda kowane sashe na rumbun ya fara da inda ya ƙare. Ɗaya daga cikin sassan nan tilas ya kasance da alamar cewa shi ne na tashi. Idan ba a sa wa kowane sashe wannan alama ba, to, ko da duk ilmin duniya ne a cikin rumbun inji ba zai motsa ba.

Da rumbuna suka girma sai wannan tsari ya kasa, domin ba ya iya lissafin abin da ya wuce wajen terabayit 2. Kamfanin Intel ya soma shirya magajinsa a ƙarshen shekarun 1990, a 2005 kuma manyan kamfanoni suka haɗu suka karɓe shi da sunan UEFI. Shi wannan ba ruwansa da umarnin da ke gurbin farko. Abin da yake nema wani ɗan ƙaramin sashe ne na musamman, galibi mai megabayit 100 zuwa 'yan ɗaruruwa, wanda ake kira sashen EFI, a rumbun da aka tsara da sabon jadawali mai suna GPT. A cikin wannan sashe ne Windows ke ajiye mai tayar da ita, tare da wata rajista da ake kira BCD, wadda ta zo tun zamanin Windows Vista. Rajistar ce ke cewa Windows tana rumbu mai lamba kaza, a sashe mai lamba kaza.

Watau abin kamar baƙo ne ya zo babbar sakatariya. Zai fara tsayawa wurin mai gadi, mai gadi ya tura shi ɗakin rajista, akawun rajista ya duba littafi ya gaya masa lambar ofishin da yake nema. In aka ɗauke dukan ma'aikata da fayilolinsu aka kai sabon gini, amma aka bar ɗakin rajista a tsohon gini, baƙo zai yi ta tsayuwa a bakin ƙofa alhali kuwa wanda yake nema yana zaune a ciki. To, wani abin takaici shi ne, Windows tana ɓoye wannan ɗan sashe, ba ta ba shi harafi kamar yadda take ba babban sashe harafin C. Mutum zai shekara goma yana aiki da inji bai taɓa sanin akwai shi ba.

Inda Aka Yi Tuntuɓe

Ranar Litinin da azahar aka samo wani ma'aikacin sashen kwamfuta daga wata ma'aikatar, mutum mai sanyin hali wanda ba ya son a tsaya masa a ka. Tambayarsa ta farko ita ce ina tsohon rumbun. A nan ne aka ga amfanin wata ɗabi'ar aikin gwamnati da mutane ke yawan ƙorafi a kai. Ashe ranar Jumma'a mai gyaran ya nemi a bar masa tsohon rumbu a rage masa wani abu daga ladan aiki, Babban Akanta ya ce atafau kayan gwamnati ba ya fita sai da takardar sito, ya sa aka kulle shi a durowa. Da an bari ya tafi da shi, da tun ranar Asabar an goge shi an ɗora a teburin gwanjo.

Ma'aikacin bai taɓa sukundireba ba sai da ya tambayi abin da gilashi ya rubuta, kalma bayan kalma, domin saƙon nan shi ne rabin ganewar ciwo. Idan baƙin gilashi ne da ke cewa babu abin tashi, ko a zaɓi abin tashi a sake kunnawa, to ba a ma kai ɗakin rajista ba. Idan shuɗin gilashi ne mai lamba 0xc000000e ko 0xc0000225, an kai ɗakin rajista amma littafin yana nuna ofishin da babu shi. Idan kuwa tambarin Windows ya fito, ɗigogi suka fara juyawa, sa'an nan aka ga INACCESSIBLE BOOT DEVICE, to Windows ta farka amma ta kasa magana da rumbun da take kwance a kai. Kowane ɗaya da maganinsa, kuma maganin wani ba ya yi wa wani.

Daga nan ya shiga shafin saitin bod. Kowane kamfani da maɓallin da ake dannawa da zarar an kunna: a injunan Dell F2 ne, a na HP F10, a na Lenovo na tebur galibi F1, waɗansu kuma Delete. Abin da ya fara dubawa shi ne ko inji yana ganin sabon rumbun. Wannan tambaya ce mai sauƙi da masu ilmi kan tsallake saboda sauƙinta, ga shi kuwa sau da yawa wayar SATA ce ba ta zauna ba, ko an manta da wayar wuta, musamman da yake SSD ba shi da nauyi, kuma a tsofaffin akwatuna ba shi da mazauni, sai a bar shi yana lilo. A wannan inji dai sunan rumbun ya fito sarai da girmansa. Sai dai a jerin abubuwan tashi babu Windows Boot Manager, sunan da ya kamata a gani a injin da ke kan tsarin UEFI.

Ya kawo filash mai ɗauke da manhajar girka Windows, ya tayar da inji da shi, ya danna Shift da F10 tare, baƙar tagar umarni ta buɗe. Ya rubuta diskpart, ya nemi jerin rumbuna da jerin sassa. Nan take gaskiya ta fito. Sabon rumbu yana kan tsarin GPT, amma sashe guda ne tak a cikinsa, babban nan na C. Ɗan sashen EFI yana can cikin durowar Babban Akanta.

Yadda abin ya faru kuwa ba wuyar ganewa. Tsohon rumbu gigabayit 500 ne, sabon kuma 480. Da mai gyara ya nemi a kwafe rumbu sukutum, manhajar kwafi ta yi gargaɗi cewa sabon bai kai tsohon girma ba. Maimakon ya sa ta rage girman babban sashe, abin da yawancin irin waɗannan manhajoji ke iyawa muddin kayan da ke ciki ba su fi ƙarfin sabon rumbu ba, sai ya zaɓi C kaɗai, tunda a ganinsa can ne kome yake. Gwajin da ya yi a gaban jama'a kuma bai gwada kome ba, domin tsohon rumbu yana haɗe a lokacin, da shi inji ya tashi, sabon yana gefe bai yi aikin ko sisin kwabo ba. Akawun ma daga baya ya tuna cewa ranar bai ga wani saurin da aka yi masa alkawari ba, amma ya yi shiru don kada a ce ya cika ƙorafi.

Sauran Ramukan Da Ke Hanya

Ba kullum ne matsalar ke zuwa ta wannan fuska ba. Akwai wadda ta fi ta wayo, mai kama ma waɗanda suka yi kwafinsu daidai. Kwafi na sosai yakan ɗauko har lambar shaidar tsohon rumbu ya sa wa sabo, domin rajistar BCD ta gane shi. To, idan aka bar su biyun a haɗe aka kunna, Windows za ta ga rumbu biyu da shaida ɗaya. Tun daga Windows 7, wadda ta fito a 2009, abin da take yi shi ne ta dakatar da ɗaya daga ciki. Sai mai gyara ya ga sabon rumbu bai fito ba, ya shiga ya tilasta shi ya fito, ita kuwa Windows ta sauya masa lamba ba tare da dogon bayani ba. Daga wannan lokaci rajista tana neman tsohuwar lamba, rumbu yana ɗauke da sabuwa, sai shuɗin gilashi mai 0xc000000e. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne, amma a nan tsananin kamar ce ta jawo rigima. Saboda haka ƙa'idar da ƙwararru ke bi ita ce, da zarar an gama kwafi a kashe inji, a zare tsohon rumbu, a sa sabon a mazauninsa da wayarsa, kana a kunna.

Sai kuma saɓanin tsari. Rumbun da aka tsara da MBR yana bukatar bod ya tashi ta tsohuwar hanya, wadda a shafin saiti ake rubutawa Legacy ko CSM, shi kuwa na GPT mai ɗauke da Windows yana bukatar UEFI. Injuna da yawa na ofisoshi sun fara rayuwa da Windows 7 a tsohon tsari, aka ɗaga su zuwa Windows 10 ba a sauya musu tsarin ba. Idan aka kwafe irin wannan zuwa sabon rumbun da aka riga aka tsara da GPT, ko aka kai kwafin cikin sabon inji, sai a yi ta kallon baƙin gilashi, domin sababbin injuna da yawa sun daina zuwa da tsohuwar hanyar ɗungurungum. Wannan ya ƙara yawa tun da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11 da ta fito a 2021 sharaɗinta UEFI ne. Akwai wani umarni mai suna mbr2gpt da aka sa cikin Windows 10 tun 2017, wanda ke sauya tsarin rumbu ba tare da goge kome ba, amma wanda ya yi amfani da shi tilas ya koma shafin saiti ya mai da bod kan UEFI, in ba haka ba ya gyara gaba ya ɓata baya.

Wani abin da ke da alaƙa da wannan, wanda ya fi damun injunan gwanjo da aka shigo da su bayan sun sha aiki a Turai ko Amurka, shi ne ɗan batirin da ke kan bod. Girmansa kamar kwabo, lambarsa CR2032, ƙarfinsa bolt 3, shi ne ke riƙe agogo, a injuna da yawa kuma har da saiti, idan an zare wuta. In ya mutu, ranar da aka zare wayar wuta don a buɗe akwati sai saiti ya koma yadda ya fito daga masana'anta. Mai gyara zai rantse bai taɓa kome ba, kuma gaskiya ya faɗa. Alamarsa ita ce agogon inji ya koma wata shekara can baya. Daga cikin abin da kan sauya har da yaren da bod ke yi da rumbu, ko AHCI, ko RAID, ko tsohon IDE. Windows tana tashi ne da direban yaren da aka girka ta a kai, watau 'yar manhajar da ke yi mata tafinta, in aka sauya yare sai ta tsaya da INACCESSIBLE BOOT DEVICE. Maganin bai wuce a mayar da saiti yadda yake ba, a kuma sayi batirin da kuɗinsa bai kai na abincin rana ba.

Haka nan abin yake idan sabon rumbun irin siririn nan ne mai kama da cingam, wanda ake kira NVMe, mai shiga ramin M.2. An fitar da ƙa'idarsa a 2011, Windows kuma ta fara zuwa da direbansa daga Windows 8.1 a 2013. Windows ɗin da ta saba da SATA takan bar wannan direba yana barci lokacin tashi. Sau da yawa idan aka tayar da ita sau ɗaya ta hanyar Safe Mode, inda take ɗauko direbobin tushe, sai ta gane shi, daga nan ta ci gaba da tashi lafiya. Tsofaffin injuna da yawa kuma ba su san yadda ake tashi da NVMe ba sam, ko da an sa shi a kan kati Windows tana ganinsa.

Akwai kuma kwafin da tun asali gurgu ne. Rumbun da ya fara ƙara yana da guraben da ba sa karantuwa, manhajar kwafi kuwa ko ta tsaya a tsakiya, ko ta tsallake su ta ce ta gama. Ɗauke wutar lantarki ana cikin aiki ma yakan haifar da haka, shi ya sa yin kwafi ba tare da na'urar riƙe wuta ba ganganci ne a inda wuta ba ta da tabbas. Ga rumbun da ya yi nisa da ciwo akwai manhajar kyauta mai suna ddrescue, wadda ke fara kwashe wuraren da ke da lafiya kafin ta koma ta lallaɓi masu ciwo. Sa'an nan duk wanda injinsa ke kulle da BitLocker ya nemi lambar ceto mai alƙaluma 48 ya rubuta a takarda tun kafin a kwance ko sukuru ɗaya, domin sauyin kayan ciki ko na saiti kan sa inji ya nemi wannan lamba, kuma idan babu ita ba mai gyaran da zai iya buɗewa.

Gyaran

Hanya biyu ce a gaban ma'aikacin. Ko ya fito da tsohon rumbu ya sake kwafi daga farko, wannan karon da dukan sassa, ko kuwa ya gina sabon sashen EFI a cikin sabon rumbu. Akawu ya fi son ta farko, don ita ce ya fahimta. Ma'aikacin ya ƙi, kuma dalilinsa mai ƙarfi ne. Faifan da ke cikin irin wannan rumbu na tebur yana juyawa har sau 7,200 a minti guda, allurar da ke karanta shi kuma tana shawagi a samansa da tazarar da ido ba ya gani. Rumbun da ya riga ya fara ƙara, kowace sa'a da ya yi yana juyawa kusantar kabari ce, ga shi kuma shi kaɗai ne madogara idan sabon ya ƙi. Ya ce wa Babban Akanta: "Ranka ya daɗe, a bar shi a durowar nan tukuna. In na kasa da wannan, sa'an nan mu tashe shi."

Kafin ya taɓa kome sai da ya kwashe jakar takardun albashi daga sabon rumbu zuwa wani filash daban, ya sa akawu ya buɗe su a wata kwamfutar ya tabbatar na ranar Jumma'a ne. Sai a lokacin fuskar akawu ta saki. Bayan haka ya koma cikin diskpart, ya rage babban sashe da megabayit 300, ya gina sashen EFI a wurin da ya samu, ya tsara shi da FAT32, ya ba shi harafin S na wucin gadi. Ya duba harafin da babban sashe ya samu, domin a cikin wannan taga ba lallai ne ya zama C ba, wani lokaci D ne ko E, kuma mutane da yawa sun sha faɗawa wannan rami. Da ya tabbatar C ne, sai ya rubuta layi guda:

bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI

Ma'anar layin ita ce a ɗauko fayilolin tashi daga cikin Windows ɗin da ke C, a zuba su a sashen S, a rubuta sabuwar rajista da lambobin sabon rumbu. Da injin a tsohon tsari yake, da sai a sa wa sashen da ya dace alamar tashi, a yi amfani da umarnin bootrec wajen gyara gurbin farko, a kuma rubuta BIOS a ƙarshen layin nan maimakon UEFI. Ya kamata ɗalibai masu sha'awar gwadawa su sani cewa diskpart wuƙa ce mai kaifi. Akwai umarni a cikinta mai suna clean wanda ke share jadawalin rumbu baki ɗaya, ba ya tambayar mutum ko ya tabbata, kuma ba ya duba ko rumbun da aka zaɓa shi ne ake nufi. Haka kuma masu ba da shawarar a sake girka Windows da zarar inji ya ƙi tashi, galibi sauƙin kansu suke nema. A ofis irin wannan manhajar lissafin albashi an girka ta ne shekaru da suka wuce, wanda ya girka ta an yi masa canjin wurin aiki, faifanta da lambar lasisinta kuwa ba wanda ya san inda suke.

Ya zare filash, ya kashe inji, ya kunna. Windows Boot Manager ya bayyana a jerin abubuwan tashi, tambari ya fito, kafin masinja ya ajiye butar shayi har an kai wurin sa kalmar sirri. Duk da haka ma'aikacin bai tashi ba. Ya kashe ya kunna sau uku, sau ɗaya har da zare wayar wuta na 'yan mintoci don ya ga ko batirin bod yana riƙe saiti. Ya buɗe manhajar albashi, ya sa aka buga shafi ɗaya a firinta. Ya duba agogo ya ga daidai yake.

Saura batun tsohon rumbu. Wani daga cikin ma'aikata ya kawo shawara a goge shi a mayar cikin inji ya zama wurin ajiyar ƙari, ma'aikacin ya ce rumbun da ke ƙara ba wurin ajiya ba ne, kuma ko mai lafiya ne ba a goge shi sai sabon ya yi makonni yana aiki ba tangarɗa. Ya ƙara tunatar da su cewa a cikinsa akwai sunayen mutane da lambobin asusunsu na banki, gogewa ta yau da kullum kuwa ba ta hana mai wayo ya dawo da su, ga shi kuma tun watan Yuni na 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da irin waɗannan bayanai nauyin tsare su. Ranar da za a rabu da shi, ko dai a bi shi da manhajar da ke rubuce kowane gurbi, ko a huda faifan da na'urar huda ƙarfe a gaban shaidu.

Babban Akanta ya sa aka kawo ambulan, aka sa rumbun a ciki, aka rubuta kwanan wata da lambar injin da aka ciro shi, ma'ajin sito ya sa hannu, aka kai shi akwatin ƙarfe inda ake ajiye littattafan ceki. Ya kuma ba da umarni a rubuce cewa daga wannan mako, kowace Jumma'a kafin a tashi, akawu zai kwashe jakar albashi zuwa wani rumbu na waje ya kawo masa da hannunsa. An kai takardun albashin watan ofishin baitulmali ranar Laraba da hantsi, saura kwana biyu wa'adi ya cika.